Takalmin Doki a Gangaren Caburn

A mako na biyu na watan Yuni na bar Landan da sassafe, na shiga jirgin ƙasa daga tashar Victoria zuwa Lewes, tafiyar kimanin awa ɗaya, daga nan kuma na sauya wani jirgin da ya sauke ni a Glynde, wani ɗan ƙauye a yankin Sussex da ke kudancin Ingila. Ɗan ƙanwata da ke karatu a ƙasar shi ya yi mini rakiya, ba don tsirrai sun dame shi ba, sai don uwarsa ta ce kada ya kuskura ya bar ni in hau tudu ni kaɗai. Abin da ya kawo ni kuwa wani ɗan tsiro ne mai rarrafe wanda da wuya tsayinsa ya kai taƙi ɗaya, wanda masana ke kira Hippocrepis comosa. Sunan daga Girkanci aka samo shi, inda hippos ke nufin doki, krepis kuma takalmi, domin kwanson 'ya'yansa ya yi kama da ƙarafan da ake bugawa a kofaton doki an jera su ɗaya bayan ɗaya. Carl Linnaeus, masanin nan ɗan ƙasar Suwidin, shi ya tabbatar masa da wannan suna a littafinsa Species Plantarum na shekarar 1753. Na daɗe ina ganin zanen kwanson a takarda, har na fara zargin mai zanen da ƙarin gishiri, don haka na ce gani ya kori ji.

Daga ƙauyen wata 'yar hanyar ƙafa ce ke ratsa gonaki ta nufi tudun Caburn, wanda tsayinsa bai kai mita 150 ba, amma hawansa yana sa mutum haki. Tudun wani ɓangare ne na jerin tuddan South Downs da suka miƙe tun daga Winchester har zuwa Eastbourne a bakin teku, kuma duk jikinsu alli ne. Tun kafin mu yi nisa na ga shaidar hakan, domin duk inda ƙafafun mutane suka cinye ciyawa, hanyar fara ce fat, da duwatsun ƙyastu baƙaƙe a warwatse cikinta. Wannan alli ɓawon wasu ƙananan halittun ruwa ne da ido ba ya iya gani, waɗanda suka yi ta mutuwa suna kwantawa a ƙasan teku fiye da shekara miliyan 66 da suka wuce, har suka taru suka zama dutse.

Makiyayar farko da muka ratsa a gindin tudun kore ce shar, ciyawarta ta yi kauri kuma kusan duk iri ɗaya ce, alamar an sha zuba mata taki. Ɗan dangin wake guda ɗaya na gani a cikinta, wato Trifolium repens, mai ganye uku-uku da dunƙulen fure fari. A bakin wata ƙofa inda dabbobi suka tattake ƙasa, na tarar da wani ɓangaren turɓaya da kofato ya kifar, saiwoyin tsiron suna waje, sai na tsuguna na nuna wa yaron wasu ƙananan ƙululu da ke manne da su, kowanne bai fi kan allura ba. Na murtsuke ɗaya da farce, cikinsa ya fito da ɗan ja-ja kamar naman da bai dahu ba. A cikin waɗannan ƙululu ne bakteriyar da ake kira Rhizobium ke zama, tana kama naitirojin daga iska, wanda shi ne kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa, tana mayar da shi abin da tsiro zai iya sha, shi kuma tsiron yana ciyar da ita da sukarin da ganyensa ya sarrafa. Jan launin daga wani sinadari ne ɗan'uwan wanda ke sa jininmu ja. Wasu Jamusawa biyu, Hellriegel da Wilfarth, su suka fara tabbatar da wannan aiki a 1886, sannan Beijerinck ɗan ƙasar Holan ya ware bakteriyar ita kanta a 1888. Yaron ya saurara cikin ladabi, amma na lura hankalinsa yana kan wasu mutane da ke shawagi da lema a saman tudun.

Da muka wuce shinge na ƙarshe sai ƙasa ta sauya kamar an ja layi. Ciyawa ta koma gajera, mai laushi a ƙarƙashin ƙafa, launinta ya kwanta, ga ƙananan furanni iri-iri sun cakuɗe da ita. Ban yi taku ashirin ba na hango wani fure ruwan ɗorawa ya bazu a gefen hanya, zuciyata ta buga, na durƙusa na ce wa yaron ya ɗauki hoto domin mun samu. Ya ɗauka ta dama, ya ɗauka ta hagu, har ya aika wa uwarsa. Ni kuma na buɗe littafina na rubuta sunan da lokacin da na gan shi, ina jin daɗin cewa abin ya zo da sauƙi.

Cewa ɗan dangin wake ne, wannan babu tantama, domin furen wannan reshe na dangin ba ya ɓoyuwa. Duk wanda ya taɓa duban furen wake ko na gyaɗa da kyau ya san ƙirarsa: kunnuwa biyar ne, babba ɗaya a sama a tsaye kamar tuta, biyu a gefe kamar fukafukai, biyu na ƙasa kuma sun haɗe sun yi siffar kwale-kwale, a cikinsa aka ɓoye zaruruwa goma masu ɗauke da garin fure tare da mahaifar kwanso. Idan ƙudan zuma ya sauka a kan fukafukan, nauyinsa yana danna kwale-kwalen ƙasa, sai garin ya fito ya shafi cikinsa, ya tafi da shi zuwa wani furen. Amma dangin yana da faɗi ƙwarai, nau'o'insa sun kusa 20,000, shi ne na uku a girma cikin dangogin tsirrai masu fure, tun daga manyan itatuwa irin su tsamiya da ɗorawa da gawo har zuwa 'yan ƙananan da ake takawa ba a sani ba. Saboda haka cewa fure na dangin wake ne daidai yake da a ce mutum ɗan babban gida ne ba a faɗi ɗakin da ya fito ba.

Yaron ne ya tona asirin garajena. Yana duban zanen da ke littafin jagorar da na ba shi ya riƙe, sai ya ce, "Kawu, na cikin littafin nan ganyensa dogo ne mai 'ya'ya da yawa, wannan kuwa uku nake gani." Na karɓi gilashin ƙara girma na sunkuya. Ganyen ba uku ba ne ma, biyar ne: uku a tsinin, biyu kuma sun maƙale a gindi daf da kara, ta yadda mai gaggawa ba zai lura da su ba. Furannin da ba su buɗe ba suna da ja a baki kamar an tsoma su a lalle, kuma a ƙarƙashin kowane dunƙulen fure akwai ɗan ganye mai rassa uku yana tallafe da shi. Da na laluba cikin ciyawar na sami kwanso, siriri miƙaƙƙe sambal, guda huɗu sun fito daga wuri ɗaya sun baje kamar yatsun ƙafar tsuntsu. Wannan Lotus corniculatus ne, tsiro mai kyau amma wanda ba ya zaɓen wuri, ana samunsa a bakin titi da makiyaya da tudun yashi na gaɓar teku a kusan duk faɗin Turai. Na soke abin da na rubuta, na ce wa yaron ya gaya wa uwarsa kama da wane ba ta wane.

Daga nan na sauya dabara, na daina bin launi na koma bin ƙasa. Tsiron da nake nema ba ya son komai sai ƙasar alli ko ta dutsen farar ƙasa, busasshiya, mai shan rana, inda ciyawa ba ta yi tsayin da za ta rufe shi ba. Don haka muka bar kan tudun, inda ganuwa da gwalalon wani tsohon sansani na zamanin ƙarfe ke nan har yanzu, muka gangara ta fuskar kudu, ɓangaren da ke kallon kwarin kogin Ouse da teku can nesa. Gangaren yana da tsananin da sai mutum ya riƙa taka ƙafa a karkace, yana bin 'yan matakalan da tumaki suka fitar da yawan zirga-zirga. A nan ɗumin rana ya fi, iska ta ragu, ƙamshin wani ɗan tsiro mai fure shunayya yana tashi daga kan tulin ƙasar da tururuwa suka gina. A ramin wani zomo na zura yatsa, na ga baƙar ƙasar ba ta wuce tsawon yatsan ba, daga nan sai farin alli.

A nan na same shi, kuma ba ɗaya ba, shimfiɗa guda. Daga tsaye babu wanda zai ce ba Lotus ba ne, sai da na kwanta rub da ciki bambancin ya bayyana. Ganyensa irin na baba ne, ƙananan ganyayyaki sun jeru biyu-biyu a jikin jijiya ɗaya, sannan guda ɗaya ya tsaya a ƙarshe shi kaɗai. Na ƙirga a ganye uku daban-daban na sami tara, da sha ɗaya, da sha ɗaya kuma. Furannin sun fi na Lotus ƙanƙanta, kowanne bai kai santimita ɗaya ba, launinsu ruwan ɗorawa tsantsa in ban da wasu siraran layuka masu duhu a jikin tutar, kuma sun zagaye tsinin wani dogon kara kamar rawani, babu wani ɗan ganye a ƙarƙashinsu. Akwai wata alama da na fi so saboda ba ta yin ƙarya: idan aka dubi furen daga gefe, gindin tutar siriri ne mai tsawo, har akan ga wata 'yar kafa tsakaninta da sauran kunnuwan, haske yana ratsawa. A Lotus wurin a cike yake. Na bi karan da yatsa har gindi, na ji ya yi tauri kamar itace, abin da ke nuna tsiron yana shekara da shekaru a wuri ɗaya.

Kwanson ne ya ba mu wahala, domin lokacin nunarsa bai yi ba, yawancin tsirran suna cikin fure. Mun yi kusan rabin awa muna rarrafe muna ɗaga ganye kafin yaron, wanda a wannan lokaci ya manta da masu shawagi da lema, ya kira ni da ƙarfi. A wani wuri da ya fi sauran zafi, inda alli ya fito fili, wasu furanni sun riga sun bushe, ga kwanso kore shar bai fi santimita biyu ba, a lanƙwashe kamar macijin da ke tafiya. A ƙarƙashin gilashi na ga gaɓoɓi huɗu, kowace ta lanƙwasa ta zagaye wani ɗan gurbi, daidai da ƙarfen kofato, ƙwaya ɗaya a kwance cikin kowace gaɓa. Ashe mai zanen bai ƙara komai ba. Irin wannan kwanso ba ya tsagewa biyu ya watsa 'ya'ya kamar na wake ko na Lotus, sai dai idan ya bushe ya kakkarye gaɓa-gaɓa, kowace ta faɗi kusa da uwarta. Wannan yana cikin dalilan da suka sa tsiron ba ya saurin mamaye sabon wuri, kuma ganinsa da yawa alama ce cewa garma ta daɗe ba ta shiga wannan ƙasa ba.

Ban ciro ko ɗaya ba. Wurin keɓaɓɓe ne da hukuma ke karewa, kuma dokar Birtaniya ta 1981 ta hana tumɓuke tsiron daji ba da izinin mai ƙasa ba, saboda haka ƙululun saiwarsa ban gan su da idona ba, na gamsu da waɗanda na gani a gindin tudun.

Muna nan kwance sai wani abu shuɗi ya gilma, shuɗin da ya fi na sararin samaniya ƙarfi, har sai da yaron ya zabura. Malam-buɗe-littafi ne ɗan ƙarami, ya sauka a kan furen ya buɗe fukafukai. Wata dattijuwa da ke saukowa a hankali da sanda da takarda a hannu ta tsaya kusa da mu, muka gaisa, ta ce tana cikin masu aikin sa-kai da ke bin hanya ɗaya kowane mako daga Afrilu zuwa Satumba suna ƙirga waɗannan halittu, tsarin da aka fara a ƙasar tun 1976. Ta ce in dubi farin gezar da ke bakin fukafukin, na duba na ga siraran baƙaƙen layuka sun ratsa ta. Wannan shi ne Adonis, wanda masana ke kira Lysandra bellargus; akwai wani shuɗin da ya fi shi yawa, mai gezar fara zalla, shi kuwa a kan Lotus yake yin ƙwai. Dariya ta kama ni, domin ruɗun da na yi da safe a tsiro ashe yana da ɗan'uwa a cikin masu fukafukai.

Abin da ta ƙara mini shi ya sa na fahimci gangaren gaba ɗaya. Tsutsar Adonis a Birtaniya ba ta cin komai sai ganyen Hippocrepis comosa, haka ma ta ɗan'uwansa Lysandra coridon da ke fitowa daga watan Yuli. Macen, wadda launinta ƙasa-ƙasa ne ba shuɗi ba, ba kowane tsiro take zaɓa ba, sai wanda ke cikin ciyawar da ba ta wuce 'yan santimita ba, domin kudancin Ingila shi ne iyakar arewa ta inda wannan halitta ke iya rayuwa, kuma tsutsar tana bukatar ɗumin ƙasar da rana ke bugawa kai tsaye. Tsutsar tana fitar da wani ruwa mai zaƙi daga jikinta, tururuwa suna sha, su kuma suna tsaronta daga maƙiya, har sukan rufe ta da ƙasa mai laushi idan dare ya yi. Ke nan shuɗin da muka gani yana rataye ne a kan tsiron, tsiron yana rataye a kan gajeriyar ciyawa, ita kuwa ciyawar bakin tumaki da zomaye ne ke riƙe da ita a haka.

Tumaki sun yi ɗaruruwan shekaru suna kiwo a waɗannan tuddai, kuma a Glynde ɗin nan da muka sauka ne wani manomi, John Ellman, ya inganta irin tumakin Southdown a ƙarshen ƙarni na 18. Da kiwon ya ja baya, zomaye suka ci gaba da aikin aski, har zuwa 1953 lokacin da cutar miksomatosis ta ɓulla a yankin Kent ta kashe mafi yawan zomayen ƙasar cikin 'yan shekaru. Ciyawa ta yi tsawo, ƙaya da ƙananan itatuwa suka shigo, Adonis ya ɓace daga wurare da dama, bai fara dawowa ba sai da zomaye suka farfaɗo, masu kula da wuraren kuma suka mayar da dabbobi kiwo. Wani ɓangare mai yawa na irin wannan makiyaya kuwa garma da takin zamani suka cinye shi bayan Yaƙin Duniya na Biyu.

Batun takin nan ya fi komai tsaya mini a rai, domin ya saɓa wa abin da hankali ke fara kawowa. Talaucin ƙasar allin shi ne arzikin furanninta. Ruwa ba ya zama a cikinta, naitirojin ya yi ƙaranci, don haka manyan ciyayi masu haɗama ba sa samun ƙarfin danne na ƙasa da su, sai kowa ya sami ɗan gurbi, har akan ƙirga nau'in tsiro kusan 40 a murabba'in mita ɗaya na makiyaya mai kyau. A irin wannan wuri ɗan dangin wake yana da rinjaye, tun da guzurinsa na naitirojin yana cikin saiwarsa. Ranar da aka zuba taki, kowa ya sami abin da shi kaɗai yake da shi, ciyawa ta miƙe ta rufe masa rana. An ga hakan ƙarara a gwajin makiyayar Rothamsted, wata cibiyar binciken noma a Ingila, da wasu masana biyu, Lawes da Gilbert, suka fara a 1856, wanda har yau ake ci gaba da shi, inda filayen da aka riƙa ba takin naitirojin suka rasa 'yan dangin wake da yawancin furanninsu. Da na waiga daga gangaren na hango koren filin da muka ratsa da safe, shingen da ke tsakaninsa da inda nake zaune ya isa bayani.

Kafin mu sauka na zagaya ta ɓangaren da ba ya samun rana sosai don in gwada abin da na koya. Ciyawar can ta fi tsawo da danshi, na sami Lotus nan da can, amma na yi ta dubawa ban ga Hippocrepis ko ɗaya ba a 'yar tazarar da na bi. Na kuma ci karo da wani ɗan gidan, Anthyllis vulneraria, wanda bai ruɗe ni ba ko kaɗan saboda gindin furanninsa a lulluɓe yake da farin gashi kamar auduga.

Akwai ɗaya da ya gagare ni. A bakin hanyar komawa ƙauye na ga wani ɗan tsiro mai ganye uku-uku da dunƙulen fure ruwan ɗorawa wanda bai fi ƙwayar wake ba, furanni masu yawa sun cunkushe a cikinsa. Zai iya zama Medicago lupulina, zai kuma iya zama Trifolium dubium, kuma a fure kusan babu mai raba su. A ƙarƙashin gilashi na ga kamar akwai ɗan tsini a ƙarshen kowane ganye, abin da ke karkata zuwa ga na farkon, amma bayan kunyar da na sha da safe ban yarda in rubuta suna ba. Hukuncin yana wurin kwanso: na Medicago yakan nannaɗe kamar ƙoda ya yi baƙi ƙirin idan ya nuna, na Trifolium kuwa yakan ɓuya cikin busasshen furen da ya koma launin ƙasa. Na rubuta wurin dalla-dalla, taku goma sha biyu daga ƙofa ta biyu, a hannun hagu idan ana saukowa, na yage takardar na ba yaron. Ya ninke ta ya sa a aljihu, ya ce, "Kawu, in Allah ya kai mu ƙarshen Yuli zan dawo in duba maka, amma gilashin nan sai dai ka bar mini shi." Na miƙa masa a kan dandamalin tashar Glynde, muna jiran jirgin Lewes.